50mm, 24-70 ko 24-105: wane gilashi zai fi yi wa mai ɗaukar biki aiki?

Duk wanda ya fara ɗaukar biki da gilashin (wato lens, idon da ake ɗaurawa a gaban kyamara) da ya zo da kyamara a kwali, wato 18-55mm, ba ya daɗewa sai ya ga iyakarsa. Wajen ɗaurin aure da hantsi hoto yana fita tas. Da an shiga zauren dina da daddare sai fuskoki su cika da yashi-yashi, hannun mai liƙi ya zama dishi-dishi. Daga nan ake fara neman gilashi na biyu, kuma shawarwarin da ake samu kusan uku ne: 50mm mai arha, 24-105 mai nisan zum, ko 24-70 da manya ke riƙewa. Kowanne na da inda ya fi, amma a wannan zamanin kaifin hoto ba shi ne abin da ya raba su ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne girman sensar kyamararka (faifan da ke cikinta mai kama haske ya mayar da shi hoto), yawan hasken wurin da kake aiki, da faɗin ɗakin da za ka tsaya.

Fara da sanin sensarka

Lambar milimita da ke jikin gilashi ba ta faɗa maka faɗin abin da za ka gani sai ka haɗa ta da girman sensa. Cikakkiyar sensa, irin ta Canon 5D da 6D, Nikon D750 ko Sony A7, faɗinta milimita 36 ne da 24. Ƙaramar sensa ta APS-C, irin ta Canon 700D da 80D, Nikon D5300 ko Sony A6400, tsakiyar hoton kawai take kamawa. A Canon ana ninka lambar da 1.6, a Nikon da Sony da Fujifilm da 1.5. Saboda haka 50mm a kan 700D yana ba da faɗin da 80mm ke bayarwa a kan 6D.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Ka tsaya mita 3 daga mutane, wanda shi ne iyakar ja da bayan da ake samu a ɗakin amarya mai gado da kujeru. Da 50mm a kan ƙaramar sensar Canon, faɗin da zai shiga hoto bai wuce mita 1.3 ba, wato mutum biyu ko uku a matse. Da 24mm a kan kyamarar nan dai, kusan mita 2.8. Da 18mm, mita 3.7. Da 24mm a kan cikakkiyar sensa, mita 4.5. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya hana mutum asarar kuɗi mai yawa.

Ma'aunan da za a bi

Na farko haske. Lambar f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. f/4 na shigar da ninki biyu na hasken f/5.6, f/2.8 ninki biyu na f/4, shi kuwa f/1.8 kusan ninki goma na f/5.6. ISO lamba ce ta ƙarfin da sensa ke ƙara wa haske, idan ta yi yawa hoto ya yi yashi-yashi; shota kuma tsawon lokacin da haske ke shiga ne, 1/125 na nufin kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. Idan zauren biki ya tilasta maka ISO 6400 a f/5.6 da shota 1/125, to a f/4 za ka sauko 3200, a f/2.8 ka sauko 1600, a f/1.8 kuma wajen 640. Tsohuwar kyamara mai ƙaramar sensa tana jure 1600, amma a 6400 launin fata yana lalacewa ta yadda gyara a kwamfuta ba ya dawo da shi.

Na biyu zurfin fokas, wato kaurin yankin da ke fita da kaifi gaba da bayan inda ka saita. Babbar ƙofa na narkar da bayan hoto, abin da masu biki ke so, amma tana rage wannan yanki sosai. Na uku sauƙin aiki: sau nawa za ka cire gilashi, nawa ne nauyinsa a wuya bayan awa takwas. Na huɗu halinsa a bidiyo. Na biyar ƙarko, musamman gaban ƙurar hunturu da danshin damina. Sai kuɗi, wanda za a faɗa da dala a farashin da kayan suka fito sabbi, tunda naira ba ta tsayawa wuri ɗaya kuma na hannu yana sauka ƙasa da haka.

18-55mm f/3.5-5.6, wanda ka riga ka mallaka

Kada a raina shi. Nauyinsa wajen giram 200 ne, yawancinsu na da na'urar hana rawar hannu, kuma a f/8 da rana ba kowa zai bambanta hotonsa da na gilashi mai tsada ba. Samfurin Canon mai motar fokas ta STM ma fokas ɗinsa shiru yake a bidiyo. Matsalarsa biyu ce. Ƙofarsa na ƙanƙancewa idan ka ja zum, daga f/3.5 a 18mm zuwa f/5.6 a 55mm, saboda haka a bidiyo hoto yana yin duhu a idon mai kallo yayin da kake jawowa, sai dai ka kafa shi a f/5.6 tun farko. Sannan bakinsa da ke shiga kyamara na roba ne, faɗuwa ɗaya tana iya karya haƙoransa. Wanda ke aiki da filasha mai kyau yana harba ta silin fari zai iya cin shekara da shi ba tare da mai biki ya yi ƙorafi ba.

50mm f/1.8

Babu wani gilashi da ke canza kamannin hoto da kuɗi kaɗan kamar wannan. Canon EF 50mm f/1.8 STM ya fito a 2015 a kan dala 125, nauyinsa giram 160, bakinsa na ƙarfe. Na RF, wato na kyamarorin Canon marasa madubi a ciki, ya zo a 2020 a kan kusan dala 200. Nikon AF-S 50mm f/1.8G na 2011 yana wajen dala 220, Sony FE 50mm f/1.8 na 2016 kuma wajen dala 250, sai dai fokas ɗin na Sony yana da nawa kuma ana jin motsinsa. Akwai na Yongnuo mai kama da tsohon na Canon a ƙasa da rabin kuɗin, amma ƙarar motarsa na shiga makirufon kyamara, kuma yakan yi ta laluben fokas a duhu.

Ga hoton amarya ita kaɗai, lalle a hannu, zobe, kayan lefe, ba shi da na biyu a wannan farashin. Inda ake faɗawa rami shi ne a bar shi a f/1.8 a kowane hoto. A mita 2, zurfin fokas ɗinsa kusan santimita 17 ne a cikakkiyar sensa, wajen 11 a ƙarama. Idan ango ya tsaya ɗan bayan kafaɗar amarya, ɗayansu zai fita dishi-dishi, kuma ba za ka lura a ƙaramin allon kyamara ba sai ka buɗe a kwamfuta. Mutum biyu suna bukatar f/2.8 zuwa f/4. Sahu biyu na 'yan uwa suna bukatar f/5.6 zuwa f/8, wanda ke nufin amfanin babbar ƙofar ya tafi, filasha ce za ta cece ka. Shi kansa gilashin ya fi kaifi daga f/2.8 zuwa sama, a f/1.8 gefuna na ɗan yin laushi.

Ba shi da na'urar hana rawa, don haka bidiyon hannu da shi a kan ƙaramar sensa yana karkarwa, sai da ƙafar kyamara ko gimbal, wato mariƙin da ke daidaita kyamara ya hana ta rawa. Ba shi da zum, ƙafarka ce zum ɗin, kuma a cunkoson kamu ba koyaushe ake samun wurin ja da baya ba. Mai kyamara ɗaya zai riƙa cire shi yana mayar da 18-55, kowane cirewa kuwa dama ce ga ƙura ta zauna a sensa.

Masu Nikon su kula da harafi ɗaya. Tsohon 50mm f/1.8D ya fi arha, amma ba shi da mota a cikinsa, motar jikin kyamara yake dogara da ita. Jerin D3000 da D5000, irin su D3200 da D5300, ba su da wannan motar, don haka fokas da hannu za ka yi ta yi. Haka ma idan ka ɗora shi a kyamarar Nikon Z mara madubi ta adaftar FTZ, wato mahaɗin da ke sa tsohon gilashi ya shige ta. Mai harafin G shi ne naka.

24-105mm f/4

Gilashin yini guda ne. Daga hoton taron ɗaurin aure a 24mm zuwa fuskar liman daga nesa a 105mm ba tare da ka cire komai ba, ƙofarsa na tsaye a f/4 duk tsawon zum ɗin, kuma yana da na'urar hana rawa. Canon EF 24-105mm f/4L IS USM na 2005 nauyinsa giram 670, kuma ya cika kasuwar na hannu saboda an sayar da shi haɗe da 5D da 6D masu yawa. Na RF ya fito a 2018 a kan kusan dala 1,100, na Sony FE 24-105mm f/4 G a 2017 a kan kusan 1,300. Ga mai bidiyo da ke bin taro da kyamara a hannu, wannan haɗin na zum mai nisa da hana rawa yana da wuyar dokewa.

Amma a fahimci abin da na'urar hana rawa ke yi. Rawar hannunka take gyarawa, ba motsin mutane ba. Za ta ba ka damar ɗaukar kwalliyar zaure a shota 1/15, amma mai tafiya yana bukatar 1/125, mai rawa 1/250, kuma a nan f/4 ba shi da abin da zai ba ka illa ka ɗaga ISO. A kan cikakkiyar sensa ta zamani wannan ba komai ba ne.

A kan ƙaramar sensa kuwa, a ganina wannan shi ne kuskuren saye mafi tsada da ake yawan yi. Zobe mai launin ja da ke gaban na Canon yana burge mutane, amma 24mm ya koma kamar 38mm, faɗin da kake da shi a 18-55 ya ragu da kusan mita guda a ɗakin nan na mita 3, kuma hasken da ka ƙaru da shi a dogon zum ninki biyu ne kacal. Ka biya kuɗin gilashin da aka yi domin sensa babba, kana amfani da tsakiyarsa kawai.

Tsohon samfurin na 2005 yana da sanannen ciwo: siririyar wayar lantarki mai lanƙwasa da ke kai saƙo ga ƙofar haske tana tsinkewa saboda yawan jan zum, sai kyamara ta nuna Err 01. Sau da yawa yana aiki lafiya a f/4 ya ƙi idan aka rage ƙofa, shi ya sa mai sayarwa zai iya gwada maka ka ga kamar ƙalau yake. Ana gyarawa, amma sai an warware gilashin har ciki, kuma idan mai gyaran bai mayar da faya-fayan gilashin daidai ba, gefe ɗaya na hoto zai rasa kaifi.

Zum mai f/2.8

Wannan ne gilashin da aikin biki ya ginu a kansa, kuma dalilin a fili yake: faɗi na ɗaki, tsayi na hoton mutum ɗaya, da hasken da ya isa zaure, duk a jiki ɗaya. Abin lura shi ne sunansa na canzawa da girman sensa.

A cikakkiyar sensa shi ne 24-70. Canon EF 24-70mm f/2.8L II na 2012 ya fito a kan kusan dala 2,300, nauyinsa giram 805, kaifinsa tun daga f/2.8 abin a yaba ne, amma ba shi da na'urar hana rawa. Wanda ya gabace shi na 2002 ya kai giram 950. Tamron 24-70mm f/2.8 G2 na 2017 ya zo da hana rawa a kan kusan dala 1,200, kuma ga mai haɗa hoto da bidiyo a kan 5D ko D750 shi ya fi ma'ana. Masu Sony suna da Tamron 28-75mm f/2.8, na farko a 2018 a kan dala 800, na biyu a 2021 a kan 900, nauyinsa wajen giram 550 kawai. Abin da aka sadaukar shi ne milimita 4 na faɗi, kuma a ƙaramin ɗaki ana jin rashinsu.

A ƙaramar sensa kishiyarsa ita ce 17-50 ko 17-55. Akwai Canon EF-S 17-55mm f/2.8 IS na 2006, mai kaifi amma sananne da tara ƙura a bayan gilashin gaba. Akwai Sigma 17-50mm f/2.8 OS da Tamron 17-50mm f/2.8, waɗanda na hannunsu ke da sauƙin kuɗi. Ga kyamarori marasa madubi akwai Sigma 18-50mm f/2.8 na 2021, dala 550, giram 290, ba shi da hana rawa. Ka sani cewa gilashin EF-S, wanda Canon ke yi wa ƙaramar sensa, ba ya shiga 5D ko 6D, don haka idan kana shirin komawa babbar sensa nan kusa, sayar da shi za ka yi.

Illarsa nauyi da kuɗi. Kyamara da 24-70 da filasha sun haura kilo biyu, ƙaramin gimbal kuma yakan kasa ɗaukarsu, ko ya rasa daidaito duk lokacin da hancin gilashin ya fito wajen zum.

Masu bidiyo a ƙaramar sensa suna da wani zaɓi na gefe, Sigma 18-35mm f/1.8 Art na 2013, dala 800, giram 810. Zum ne mai hasken 50mm f/1.8, kuma tsawonsa ba ya canzawa idan ka ja, abin da ke taimakon gimbal ya kuma rage shaƙar ƙura. Zum ɗin gajere ne, babu hana rawa, kuma a kyamarori masu madubi fokas ɗinsa yakan ɗan kauce gaba ko baya sai an daidaita shi. A kan mara madubi ta adafta wannan matsalar kusan ba ta tasowa.

| Gilashi | Farashin fitowa | Nauyi | Duhu | Bidiyon hannu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| 18-55 f/3.5-5.6 | yana zuwa da kyamara | wajen giram 200 | rauni | da dama | bakin roba, ƙofa mai canzawa |
| 50 f/1.8 | dala 125 zuwa 250 | giram 160 zuwa 190 | mafi kyau | rauni | kaucewar fokas, matsi a ɗaki |
| 24-105 f/4 | dala 1,100 zuwa 1,300 | giram 660 zuwa 800 | matsakaici | mafi kyau | rashin faɗi a ƙaramar sensa |
| 24-70 ko 28-75 f/2.8 | dala 800 zuwa 2,300 | giram 540 zuwa 950 | mai kyau | ya danganta da samfuri | nauyi, tsadar gyara |
| 18-35 f/1.8 | dala 800 | giram 810 | mafi kyau | rauni | gajeren zum |

Kuɗin da ba a lissafawa a bidiyo

Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kan 50Hz, saboda haka a saita kyamara a firem 25 (hotuna 25 a daƙiƙa) da shota 1/50, ko firem 50 da shota 1/100, in ba haka ba fitilun zaure za su riƙa ƙyaftawa a hoton. Janareta ba ya riƙe 50 daidai koyaushe, sai a duba allo a ɗan motsa shota idan an ga layuka na tafiya. Tunda shota a kafe take, da tsakar rana a ISO 100 sai ka rufe ƙofa zuwa wajen f/22, ka ga f/2.8 ɗin da ka biya bai yi maka komai ba. Maganin shi ne filtar rage haske ta ND. Daga f/22 zuwa f/2.8 mataki shida ne, wato ND64. Mai juyawa ta fi sauƙin aiki, amma idan ka murɗa ta ƙarshe a faɗin 24mm takan zana baƙin gicciye a hoto. Faɗin bakin gaba na gilasan, inda ake ɗaura filta, ya bambanta: 49mm a Canon 50 STM, 67mm a Tamron 28-75, 77mm a 24-105, 82mm a Canon 24-70 II. Sayi filta ɗaya daidai da mafi girman gilashinka, sauran ka haɗa su da zoben ƙari mai arha.

Ƙura, danshi da sayen na hannu

Zum ɗin da hancinsa ke fita yana shiga yana aiki kamar zugazugin maƙeri, yana jan iska da abin da ke cikinta. Ƙura kaɗan a cikin gilashi ba ta bayyana a hoto, kada ta hana ka saye, sai dai ta zama hujjar neman ragi. Wadda ke kan sensa ita ce ke fitowa ɗigo-ɗigo a sararin sama daga f/11 zuwa sama. A hunturu a canza gilashi cikin mota ko ɗaki, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa. A hura ƙura da famfon roba kafin a goge, domin gogewa da gefen riga a kan ƙura karce rufin gilashin take yi.

Fumfuna ta fi ƙura haɗari. Tana tsirowa a gilashin da aka rufe cikin jaka mai danshi da damina, tana kama da saƙar gizo-gizo, kuma idan ta daɗe tana cin rufin gilashin har abada. Roba mai murfi da ƙunshin silika mai tsotse danshi a ciki ta isa kariya.

Kafin ka biya kuɗin na hannu, je da kyamararka. Buɗe murfi biyun, haska tocilar waya ta baya ka leƙa ta gaba: fumfuna ko hazo a ciki, ka bar shi. Ɗauki hoto a f/11 a kowace lamba ta zum don kama ciwon wayar ƙofar haske irin na tsohon 24-105. Ɗauki bangon bulo kai tsaye a babbar ƙofa, ka faɗaɗa kusurwoyi huɗun, idan ɗaya ta fi sauran laushi gilashin ya taɓa faɗuwa. Saurari motar fokas daga kusa zuwa nesa, ka duba ko sukurorin baki sun sha sukundireba.

Wa ya dace da wanne

Mai ƙaramar sensa da kuɗi kaɗan ya riƙe 18-55 ɗinsa don taro, ya ƙara 50mm f/1.8 don hoton amarya, abin da ya rage ya sa a filasha. Idan aiki ya fara kawo kuɗi kuma kyamara ɗaya ce, 17-50 ko 18-50 mai f/2.8 ne mataki na gaba, ba 24-105 ba. Mai cikakkiyar sensa da yawancin aikinsa na rana ne, ɗaurin aure, taron siyasa, hawan sallah, ko bidiyon hannu, 24-105 zai fi hutar da shi, ya ajiye 50mm a aljihun jaka don dare. Wanda dina da kamu na cikin zaure suka fi yawa a aikinsa ya nemi 24-70 ko 28-75, kuma idan jikin kyamararsa ba shi da hana rawa ya zaɓi samfurin da ke da ita. Mai situdiyo da ke aiki da fitilu a f/8 ba ya bukatar biyan kuɗin f/2.8 ko kaɗan, 50mm ko ma 18-55 sun ishe shi. Mai shirya bidiyon waƙa ko hira a kan ƙafar kyamara da ƙaramar sensa kuwa, Sigma 18-35 da filtar ND ne kayan aikinsa.